Tuwon da Na Kai wa Nafisa Alƙahira

Ni ce Dije mai tuwo ta bakin tashar Gumel. Duk direban da ya taɓa ɗauko shanu daga Maigatari ko buhunan riɗi daga Gagarawa ya san rumfata, ya kuma san ba a tashi a bar loma a kwanona. Ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba, amma Allah ya ba ni hannu ya ba ni baki. Da bakin nake ba da wannan labarin, wata ke rubutawa, na kuwa gaya mata kada ta sake ta gyara mini magana. Nafisa ce da kanta ta ce in faɗa, ko wata uwar za ta ji ta gane da wuri.

Nafisa jikata ce, 'yar fari a wurin ɗana Habibu. Ranar da aka yaye ta aka kawo mini ita, a gindin murhuna ta girma. Ƙawata nake ce mata. Yarinya ce cikakkiya, in ta yi dariya kumatu kan rufe mata ido. Ga kai kuma, ba ta taɓa zuwa ta biyu a aji ba, har aka tura ta Masar karatun haɗa magunguna. Tana cikin shekara ta uku sai wata yarinya da suke ɗaki ɗaya, Rahila, ta bugo wa Habibu waya. Rahila Kirista ce, 'yar Filato, amma a Gumel ta yi firamare lokacin da ubanta ke aikin gwamnati a nan, Hausarta kamar tawa. Ta ce Nafisa ta daina cin abinci, har ta fara yanke jiki tana faɗuwa a makaranta.

Habibu ya ce zai je. Na ce ka je ka yi mata me, ka iya ko dama kunu? Uwarta kuwa ko sunanta ba ta kamawa, tunda 'yar fari ce, sai dai ta shige ɗaki ta yi kukanta. Ni ce mai ita. A raina na riga na gama gano ciwon: abincin Larabawa ne bai karɓe ta ba. Ta ji ƙamshin miyata kawai, za ta miƙe.

Ba zan ɓata muku lokaci da zancen fasfo da jirgi ba. Kafin nan ƙasar waje ɗaya na sani, Nijar, ita kuwa da ƙafa muke shigarta ta Maigatari mu dawo kafin la'asar.

Wahala ta fara ne daga ƙofar filin jirgi. Mutanen Haɗeja da aka haɗa ni da su, masu zuwa asibiti, an zo an kwashe su. Nafisa da Rahila kuma, da za su tarbe ni, cunkoson motoci ya riƙe su a hanya. Ina tsaye sai ga wani Balarabe mai gashin baki yana ta "Hajja, Najeriya, Hajja", kamar ya san kakana. Kafin in ce uffan ya sungumi jakunkunana ya zuba a motarsa ta haya. Na ciro takardar da Habibu ya rubuta mini sunan unguwarsu, ya duba, ya buga ƙirji. Muka yi ta yawo. Wata gada mun hau ta, mun sauka, mun sake hawa, ni dai na gane ta don akwai hoton wata mata riƙe da kwalbar lemo a gefenta. Daga ƙarshe ya tsaya a wani lungu, ya sauke ni da jaka ɗaya, ya karɓi abin da ya karɓa, ya nuna mini wani gini. Ina juya baya ya ja mota da ɗaya jakar. Ita ce mai nauyin, ya zaci dukiya ce. Daddawa ce a ciki da man shanu da busasshen kifi. Har yau ina so in ga fuskarsa lokacin da ya kwance ƙullin daddawar nan a gaban matarsa.

Yanzu nake dariya. A lokacin ba abin dariya ba ne. Ginin ba shi ba ne, unguwar ma ba ita ba ce. Wata mai sayar da gurasa a bakin titi ta ga na tsaya kamar an dasa ni. Ta tashi daga kan kujerarta ta zaunar da ni, ta sa aka kawo mini shayi mai ɗan karen zaƙi, ta karɓi takardar ta buga lambar da ke jiki. Ba ta jin nawa, ba na jin nata. Sai ta dafa ƙirjinta ta ɗaga yatsu tana nuna mini yawan 'ya'yanta, ni ma na ɗaga nawa. Haka muka yi hira har yaran suka iso.

Rahila na fara gani, ta durƙusa ta gaishe ni. Na ce ina ƙawar tawa? Ta ce ga ta nan. Ashe wadda ke tsaye a bayanta, cikin rigar sanyi da rana tsaka, ita ce Nafisa. Na kama ta, yatsuna suka zagaye tsintsiyar hannunta har da saura, ga hannun sanyi ƙalau kamar gindin randa.

"Ƙawata, wa ya sace miki kumatu? Faɗa mini in kai shi gaban alƙali."

"Kaka, ke ce kika tsufa ba kya gani. Ga su nan."

Ɗakinsu a can ƙololuwar bene yake. Akwai wani akwatin ƙarfe da ke ɗaukar mutane sama, na ce ni ba kaya ba ce, na bi matakala ina hutawa. Washegari na buɗe jakar da ta tsira, garin dawa ne da kuka da busasshiyar kuɓewa. Na tuƙa tuwo a kan murhun gas ɗinsu. Babu daddawa, amma hannu na nan, maƙwabta har leƙowa suka yi. Na ajiye mata malmala.

"Kaka, ai yau Litinin, azumi nake."

Na ce Allah ya karɓa. Talata ta ce tana ramuwa. Laraba ma ramuwa. Alhamis ai ba a tambaya. Da aka kwana biyu ta ce kwanakin tsakiyar wata sun zo. Ni kuwa, Allah ya gani, daɗi na ji. Har waya na sa aka buga mini Gumel ina cewa 'ya'yan wasu in sun je waje lalacewa suke, tawa ta zama waliyyiya. In an sha ruwa takan ɗauki dabino, ta yi ta ɗura ruwa kofi bayan kofi, ta gutsuttsura tuwon ƙanana-ƙanana tana tura su gefen kwano. Sai ta ce bari ta ƙarasa a ɗaki tana karatu. Kwano ya dawo fes.

Kyanwoyi ne suka tona asiri. Benen nan cike yake da su, na kuwa lura duk a ƙofarmu suke kwana, sun yi santsi sun yi ɓulɓul. Wata rana da sassafe na fito zubar da shara na tarar sun kewaye leda suna lasar miyar kuka. Tuwona, wanda direba ke wuce Gagarawa da yunwa don ya zo ya ci.

Ranar na yi abin da kowace uwa a garinmu za ta yi. Na cika kwano na dire a gabanta, na rufe ƙofa. Na lallashe ta, na yi faɗa, na haɗa ta da Allah da Annabi, daga ƙarshe na ce in ba ta cinye ba ban yafe mata goyon da na yi mata ba. Ta cinye tas tana hawaye. Na ce to, ka ji magani. Ta tashi ta shiga banɗaki ta buɗe famfo. Rahila ta dube ni ta sunkuyar da kai.

"Kaka, fitar da shi take yi. Ta daɗe tana haka. Ruwan don kada mu ji ne."

Na zauna a ƙasa. Ni dai na san mai rasa abinci, na san wanda zazzaɓi ya ɗauke wa ɗanɗano. Amma mai jin yunwa, abinci a gabanta, tana tsoronsa kamar maciji, ban taɓa gani ba. Na ce to wannan iska ce ko sammu. Wani ɗan ƙasarmu da ke yi wa baƙi jagora a kasuwa ya ce ya san abin sarai, aljanun kogin garin ne ke shiga 'yan mata baƙi. Ya sayar mini da wata kwalba mai rubutun Larabci, ya ce a sha da asuba ana fuskantar gabas. Da Rahila ta karanta ta ce maganin tarin yara ne, wa'adinsa ma ya wuce.

Ba a jima ba Nafisa ta faɗi a matakala, a gabana. Mai gadin bene da matarsa suka ɗauke ta kamar naɗaɗɗiyar tabarma. A asibiti aka sa mata ruwa, aka manna mata wasu wayoyi a ƙirji. Likita ya ce zuciyarta ta rage gudu saboda yunwa, aman kuma ya kwashe wani gishiri da ke cikin jini, wanda zuciya ke bugawa da shi. Ya ce irin wannan kan kashe mutum yana tsaye. Shi zai gyara jinin, amma asalin ciwon ba a ciki yake ba, sai an haɗa mu da likitar tunani.

Na ce wa Rahila ta gaya masa jikata ba mahaukaciya ba ce, duk zuri'armu babu wanda ya taɓa jifa. Ban sani ba ko ta gaya masa, don murmushi kawai ya yi.

Bayan an sallame mu aka kai mu wurinta. Dakta Huda ake ce mata, ba ta wuce sa'ar uwar Nafisa ba, da ɗan lulluɓinta. Na duba ɗakin, babu allura, babu gado, babu ko warin magani. Kujeru ne kawai da tukunyar fure. Na ce a raina an sake cutar baƙuwa.

Da farko Nafisa ce ke fassara mini. Likita ta yi magana mai tsawon igiyar guga, ita kuma ta juyo ta ce, "Ta ce in riƙa hutawa."

"Ke, kada ki raina mini hankali. Matar nan ta yi zance tun daga Gumel har Ɗanzomo, ke kin sauke ni a bakin tasha. A kira mini Rahila."

Dakta Huda ta tambayi abin da na ce, da aka gaya mata ta yi dariya har da riƙe ciki. Daga ranar, in zaman na iyali ne, Rahila ke zuwa ta fassara, da yardar Nafisa. Nasu zaman na su biyu kuwa ba na shiga, sai in zauna a waje ina jan carbi.

Abin da ta fahimtar da ni shi ne, wannan ciwo ne, da sunansa a wurin likitoci. Ba taurin kai ba ne, ba iyayi ba ne, ba kuma rainin girkina ba ne. Wannan na ƙarshen ta maimaita shi, don ta ga inda ke mini ƙaiƙayi. Ta ce kamar wata murya ce ke zaune a kan yarinyar, tana ce mata ta yi ƙiba ko da ta koma ƙashi da fata, tana ce mata in ta ci ta kasa, in ta ƙi ta yi nasara. Na ce ai abin da na faɗa ke nan, aljani. Ta ce in kiran sa haka zai riƙa tuna mini ba Nafisa ce abokiyar faɗana ba, to ba ta hana ni ba, kuma in ci gaba da addu'ata. Amma muryar nan daga tsoro take fitowa, da magana da abinci a kan ƙa'ida ake karya mata ƙarfi. Aikinta ta koya wa yarinyar ta gane muryar in ta taso, ta nemi hujjarta, ta ƙi bin ta.

Akwai ranar da ake tara iyalan masu ciwon, a nan idona ya buɗe. Da na zaci na 'yan mata ramammu ne kaɗai. Sai ga wata mata tana ba da labarin 'yarta, jikinta daidai kamar na kowa, amma takan ci har ta kasa numfashi sannan ta je ta amayar, haƙoranta duk sun lalace, shekara da shekaru ba wanda ya sani. Ga wani dattijo yana share hawaye saboda ɗansa, namiji, da ke gudu a titi tun asuba ba ya cin komai sai ganye. Wata kuma da kanta ta zo, ƙatuwa kamar ni. Ta ce in baƙin ciki ya kama ta sai ta kulle ɗaki ta yi ta ci ba ta iya tsayawa, ba don daɗi ba, in ta gama ta tsani kanta. Da a tasha ne da tuni an sa mata suna ana dariya. Na dube ta na ga idonta irin na Nafisa ne sak.

Azumi Dakta Huda ta ce a dakatar. Nafisa ta ce ba za a raba ta da ibada ba. Na sa aka buga wa Alaramma maƙwabcina a Gumel, na ba shi labari tun daga tushe. Ya ce a ba ta wayar. Ban ji duk abin da ya ce ba, amma na ji ya tambaye ta, "'Yata, tsakaninki da Allah, wa kike yi wa azumin nan?" Ya ce mara lafiya na farilla ma an ɗauke masa sai ya warke, balle nafila. Daga ranar ta ajiye azumin.

Sai aka ba ni nawa aikin. Wata masaniyar abinci ta tsara abin da Nafisa za ta ci da lokacinsa, kaɗan-kaɗan ana ƙarawa, don an ce cikin da ya daɗe da yunwa in aka cika shi farat ɗaya haɗari ne. Har tuwona aka sa a ciki, bayan na kai wa matar ta ɗanɗana ta nemi ƙari. Ni kuma in zauna in ci tare da ita. Kada in roƙa, kada in yi faɗa, kada in ce saura loma ɗaya, kada in zuba wa kwanonta ido. In an gama kuma in riƙe ta da hira har abincin ya zauna, don a lokacin ne muryar ke tura ta banɗaki.

Na ce shirun ne ban iya ba, amma hira, an zo gidanta.

Na ba ta labarin raƙumin da ya tsinke a kasuwar Maigatari ya zura kai rumfar mai aski. Na ba ta labarin yadda kakanta ya zo zance wurina da keken aro ya faɗa kwata a gaban ƙannena. Wani lokaci tana ci tana kuka, ni kuwa ina kallon bango ina zancen raƙumi, zuciyata kamar ta fashe. In ta yunƙura za ta tashi sai in ce, "Zauna, ai ba ki ji abin da mai askin ya ce ba." Da labaraina suka ƙare na fara ƙirƙira.

"Kaka, jiya fa kin ce raƙumin ya mutu."

"Wannan ƙaninsa ne. Ki daina katse manya."

Damina ta zo ta wuce a gida ban ji ƙamshin ruwan farko ba. Aka yi bikin jikar ƙanwata a Sule Tankarkar, a waya na ji guɗa. Sanyi ya shigo, irin nasu mai ratsa ƙashi. In yaran sun tafi makaranta nakan hau rufin bene inda matar mai gadi ke kiwon tattabaru, mu zauna a rana tana tsintar shinkafa ina taya ta. In na rufe ido sai hayaniyar titi ta koma mini ta tasha, ana kiran Maigatari, Maigatari. In buɗe in ga gine-gine har ƙarshen gani, babu itacen kuka ko ɗaya. Matar takan duba fuskata, ta tashi ta kawo mini bargonta. Surukata ke riƙe da rumfa, aka ce direbobi na ƙorafin miya ta canja. Na ji haushi, na kuma ɗan ji daɗi.

A hankali yarinya ta fara dawowa. Jiri ya tafi, barci ya zo. Wata Juma'a ta yi wanka ta ɗaura atamfa, ta tsaya a taga, rana ta bugi fuskarta, sai na ga kumatun nan sun fara leƙowa. Daɗi ya kwashe ni. Na faɗi abin da ake faɗa wa amarya da mai jego da duk wanda ya tashi daga jinya.

"Masha Allah, ƙawata. Kin fara ƙiba, kin yi kyau."

Ban taɓa ganin fuska ta mutu da sauri haka ba. Ta shiga ɗaki ta cire atamfar ta maida rigar sanyi. Ranar ba ta ci ba, washegari ma haka, famfo ya dawo aiki. Abin da muka tara wata da watanni ya fara zubewa a gabana.

Na je wa Dakta Huda da faɗa. Na ce a garinmu wannan yabo ne, babu wanda ya fi shi. In ka ce wa mutum ya rame, ka zage shi ka zagi mai ciyar da shi. Yanzu sa albarka ma ya zama laifi? Ta bari na gama. Ta ce kakarta a ƙauyensu haka take tarbar ta har gobe, tana ma matsa mata damtse ta ji ko ya cika. Ta ce ita ce ya kamata ta ja mini kunne tun farko. Amma kalmar da na faɗa da ƙauna, ita ce wadda muryar ta daɗe tana tsorata Nafisa da ita. Ta ce komawa baya na cikin hanyar, ba ƙarshenta ba ne. Sannan ta juya ta tambayi Nafisa, da ke zaune a gefena, ko za ta iya gaya mini abin da ta gaya mata.

Nafisa ta daɗe tana murza bakin mayafi. Da Hausa ta yi maganar, ba ta bi ta kan kowa ba.

"Kaka, na faɗi jarrabawa a shekarar farko. Ban gaya wa kowa ba. Duk Gumel an san ni ce ta ɗaya, ke kuma kina gaya wa kowane direba jikarki na Masar. Ga wasu 'yan aji suna kwaikwayon tafiyata in na wuce. Sai na ga komai ya kuɓuce mini. Abu ɗaya ne ya rage a hannuna, in ƙi abinci. Shi kaɗai ne ba na faɗuwa a cikinsa."

"To da kika faɗi, sai me? Ni ko ƙofar ɗakin jarrabawar ban taɓa gani ba, ga ni nan ina numfashi."

Ta yi dariya, hawaye na zuba. Na matso na ce, "To gaya mini. In na dube ki raina ya yi fari, me zan ce?"

"Ki bar jikin, Kaka. Ki ce kin ji daɗin zama da ni, in kin ji."

Da labari ya kai wa Habibu ya ce ya isa haka, in tattaro ta mu dawo, a cikin dangi za ta warware. Na hango tsakar gidanmu, gwaggwanni da innoni kowace da kwanonta da bakinta, kowace sai ta taɓa ta ta auna. Na ce masa ba yanzu ba. Ya ce, "Iya, ke da kika ce likitar ba ta da ko allura?" Na ce ni na faɗa, ni kuma na janye, kai dai ka ci gaba da addu'a.

Aka sake ɗaura ɗamara. Wannan karon Dakta Huda ta fara shirya ta don bakin mutane, ta ce ba za a iya toshe bakin duniya ba. Har gwaji suke yi, likita ta zama gwaggo ta faɗi maganar, Nafisa ta koyi jan numfashi, ta gane muryar ce ta taso, ta ci gaba da abin da take yi. Ni kuma aka ce in ranar ta zo kada in tare mata faɗa. Na ce wannan ya fi duk sauran wuya.

Da bazara na dawo gida. Nafisa tana can tana ƙarasa karatunta, har yanzu tana zuwa wurin likitarta, don an ce ciwon kan yi barci ya farka. Amma in aka tambaye ni ranar da na san zan iya barin ta in taho, ranar wani suna ce.

Wata Bakanuwa da mijinta ke kasuwanci a can ta haihu, aka gayyaci duk 'yan ƙasarmu. Nafisa ta daɗe ba ta ci a gaban mutane ba, amma ta ce za ta je. Falo cike da mata, ga shinkafa, ga naman rago, ga waina. Muka samu gefe da ni da ita da Rahila. Ta zuba daidai abin da aka tsara mata, ta fara ci. Sai ga uwar mai jegon, wata Hajiya mai fara'a, ta taho ta tsaya a kanmu.

"Wai Nafisa ce wannan? Tubarkalla. Kaka ta zo an murmure. Ji kumatu, ji wuya. Wallahi kin yi ƙiba abinki."

Har ta kai hannu ta ja kumatun. Amsa ta taso mini har maƙogwaro, irin wadda in na sake ta sai an daɗe ana zancenta a Alƙahira. Na danne ta da lomar waina, na kafa ido a kan labule. Ta gefen ido ina ganin cokalin Nafisa ya tsaya tsakanin faranti da baki. Ya daɗe a nan. Rahila ta daina tauna. Na ji yarinyar ta ja numfashi, ta sauke.

"Na gode, Hajiya. Ina jaririn? Ban gan shi ba tukuna."

Hajiya ta tafi ɗauko jariri. Cokalin ya ƙarasa tafiyarsa. Ta sake ɗebowa, ta kai baki. Ba ta cinye duka ba, ta bar kaɗan, ni kuwa ban ce komai ba. Ga ƙofar banɗaki can a ƙarshen falo, mata na shiga suna fita. Nafisa ta dubi ƙofar. Sai ta matso ta jingina da kafaɗata.

"Muryar tana ta ihu, Kaka," ta ce a hankali. "Ki yi mini magana. Ko wace iri ce."

Na buɗe baki, ni Dije, sai na tarar babu labari ko ɗaya a kaina, duk sun gudu. Na ce, "Na ji daɗin zama da ke, ƙawata."

"Wannan kin faɗa jiya. Wani."

"To. Akwai wata mata a Gagarawa Tasha da ta sayi akuya, ashe akuyar ba ta kwana sai a cikin mota."

"Ƙarya kike, Kaka."

"Da idona na gan ta. Ki bari ki ji."

Aka kawo jariri aka ɗora mata a cinya. Tana jijjiga shi ina zuba, tana jijjiga shi ina zuba, har aka kira la'asar ba ta tashi daga wurin ba.